Cikakken Gwangwanin Merle Dombrowski

A garinmu Pine Ferry, idan ka ji mutum yana ba da amsar tambayar da ba wanda ya yi masa, ba sai ka waiga ba, Merle Dombrowski ne. Ya yi ritaya daga sayar da inshorar motoci, amma bakinsa yana nan bakin aiki. Abin da ya mayar sana'a yanzu shi ne tara kayan Stako, kamfanin nan mai yin ƙananan bulon roba da yara ke harhaɗawa su gina gidaje. Sai dai kada ka kuskura ka tambaye shi me ya gina. Merle ba ya gini. Gini, in ji shi, aikin yara ne da manyan da suka ƙi girma. Shi abin da yake farauta shi ne duk tarkacen da kamfanin ya taɓa manna wa sunansa: buroshin goge baki, laima mai karyayyen ƙarfe, safa ƙafa ɗaya, sabulu mai siffar bulo da ya bushe ya tsattsage, da hular wani direban kamfanin wadda har yau take warin kan mai ita.

Duk wannan dukiya a ɗakin 'yarsu Tessa take jibge. Tana yin aure ta koma Duluth, Merle ya kwance gadonta ya kai gareji, ya kafa kantoci har rufi. Tun daga nan in Tessa ta zo da 'ya'yanta sai su kwana a otal ɗin bakin babban titi. Da ta gaji sai ta rage zuwa, ta koma gaisuwa ta waya. Wannan abu yana ci wa matarsa Lorna rai ƙwarai, kuma ita ba mace ce mai ɓoye abin da ke cin ta ba.

Ran nan suna karyawa ta ce, "Baban Tessa, ina son ɗakin nan."

"Wane ɗaki? Gidan tarihi dai za ki ce."

"Gidan tarihin da ba mai shiga sai kai da gizo-gizo. Jikokina sun fara manta kamannina, kai kana can kana kaɗe wa safa ƙura."

"Kin san safar nan guda nawa ta rage a duniya?"

"Na dai san ƙafa ɗaya ce."

Merle ya dire kofinsa, ya gyara zama. Ya ce ta yi haƙuri ta ga baje kolin bana, domin bana shuɗin ƙyalle nasa ne, kuma daga ranar 'yan jarida za su riƙa yin layi a ƙofar gidan nan.

Kowace shekara a tsakiyar hunturu masu tara kayan Stako na yankinmu kan haɗu a zauren da ke ƙarƙashin coci, kowa ya baje abin da ya samo. Wanda ya zo da abin da ya fi wuyar samu, a maƙala masa shuɗin ƙyalle a ƙirji. Ƙyallen bai kai tafin hannu ba, amma akwai waɗanda suka daina gaisawa a kansa. Merle bai taɓa samu ba. Kullum Gus Halvorsen ke ɗauka, yayan Lorna, wanda don tsabar rashin sa'ar Merle gidansa ke jikin nasu. Abin da Gus ke cin gasar da shi kuwa gwangwani ne. Tun kafin a haifi Tessa kamfanin ya taɓa gwada sayar wa makarantu miyar tumatir mai makaroni masu siffar bulo. Yara suka ƙi sha, aka daina yi. Gus yana da ɗaya daga cikin manyan gwangwanayen, fanko, takardar jikinsa lafiya lau, kuma ba a san wani mai irinsa ba.

Lorna ta dube shi ta ce, "To mu yi ta ta ƙare. In ka ci ƙyallen, ɗaki naka ne, ba zan sake ɗaga maganar ba. In ka faɗi, kayan nan su koma gareji, gadon Tessa ya dawo wurinsa."

"Na yarda! Kira yayanki ya zama shaida, don kada gobe a ce an cuce ki."

Aka kira Gus, ya shigo da takalmin ƙanƙara har tsakiyar kicin, ya ji sharaɗi, ya ce ya shaida. Ya kuma cinye ragowar ƙwan da ke farantin Merle kafin ya fita.

Abin da ba su sani ba, Merle ya riga ya gama shirinsa. Ya ji labarin wata tsohuwa can arewa da mijinta ya yi aikin girki a makaranta, ya mutu ya bar mata ɗakin ajiya cike da shirgi. Ranar Asabar ya ɗora injinsa na kwashe dusar ƙanƙara a bayan mota ya tafi. Da yamma ya dawo ba inji, rungume da wani abu a nannaɗe cikin bargo, yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da jariri.

Washegari ƙanƙara ta sauka har gwiwa. Tsohuwa Opal da ke tsallaken titi ta fito baranda da kofinta, ta tsaya tana kallon Merle yana fama da shebur, yana huci.

"Maƙwabci, ina injin naka?"

"Na zuba shi a jari, Opal."

"Madalla. To ka ce wa jarin ya fito ya taya ka mana."

"Ki yi dariyarki. Wata rana za ki ce kin san ni."

"Ai sanin naka ne ya sa nake dariyar."

Da ya gama, ƙugu a riƙe, ya kira Gus ya zo ya ga abin da zai kashe masa kasuwa. Ya zaunar da shi a falo, ya sa Lorna ta kashe rediyo, sannan ya yaye bargon. Gwangwanin miyar Stako ne, irin na Gus sak, da hoton ɗan magini yana murmushi a jiki. Bambancin ɗaya ne. Wannan ba a taɓa buɗe shi ba.

Gus ya matso kusa. Ya sunkuya ya duba sama, ya duba ƙasa. Ya sa yatsa ya ɗan taɓa murfin, wanda ya yi tozo, sai gwangwanin ya yi rawa a kan tebur.

"Ƙanina, gwangwanin nan ciki gare shi, kuma watansa ya kama. Huda shi."

Duk mai tara gwangwanin abinci ya san ƙa'ida. Ka huda ɗan rami a gindi inda ido ba ya gani, ka tsiyaye abin da ke ciki, ka ɗauraye, ka shanya, sannan ka ajiye. Ba wanda ke ajiye tsohon abinci a rufe. Merle ma ya sani, har ya taɓa tsare wani baƙo a bakin ƙofar coci yana koya masa.

Ya ce, "Ka ji hassada! Naka fanko ne, shi ya sa kake so nawa ma ya zama fanko. Yaya Gus, kowane sakarai yana iya mallakar gwangwani. Miyar ita ce tarihi."

"Tarihin nan yana neman hanyar fita."

"Ka je ka goge fankonka. Ka kuma yi sallama da ƙyallen, ka daɗe kana riƙe mini."

Gus ya ɗaga kafaɗa, ya dubi ƙanwarsa ya ce ta fara neman zanen gado.

Sai dai bayan fitarsa tozon nan ya tsaya wa Merle a rai, domin alƙalan gasa ba sa son kaya mai nakasa. Ya yi nazari irin nasa, ya gano cewa sanyi yana sa abu ya tsuke. Ya buɗe firji, ya kwashe abincin Lorna kaf ya jera a baranda, tunda a cewarsa waje ma firji ne, ya shigar da gwangwani shi kaɗai ya rufe. Kafin Lorna ta dawo daga kasuwa karen Opal ya yi gaba da gasasshen naman da ta tanada don abincin dare, har da tiren.

"Ina namana?"

"Kimiyya nake yi, Lorna."

"Kimiyyar ce ta bar sawun kare a barandata?"

Da safe ya fito da gwangwani. Tozo yana nan daram, sai dai yanzu gwangwanin ya yi gumi, takardar jikinsa ta jiƙe ta fara saɓulewa. Merle ya zabura. Ya ruga ya ɗauko abin busar da gashin Lorna, ya kunna shi har ƙarshe, ya kafa wa gwangwani. Takarda ta bushe, ta kuma nannaɗe. Fuskar ɗan magini ta dagule, ido ɗaya ya gangaro kusa da baki. Daga cikin gwangwanin kuma wani sauti ya fito, guuur, irin na cikin da ya sha tsohon nono.

Lorna ta leƙo. "Wa ke nishi?"

"Ƙarfe ne yake miƙewa. Ba za ki gane ba."

Ya manna takardar da gam, ya ɗauki alƙalami don ya mayar wa ɗan magini idonsa. Hannu ya goce. Garin gyara gocewar ya ƙara wani layi, garin daidaita layin ya ƙara wani, har dai ɗan magini ya tashi da gashin baki da gira a haɗe. Merle ya ja baya ya ƙare masa kallo, ya yanke hukunci cewa ya fi na asali kwarjini.

Saura tozo. Ya kai gwangwani gareji, ya sa shi tsakanin katako biyu a cikin matsin kafintoci, ya yi ta murɗawa yana cije leɓe. Murfi ya kwanta. Merle ya yi ihun murna har Opal ta ɗaga labule. Da ya kwance matsin sai ya ga kumburin bai tafi ko'ina ba, gefe ya koma. Gwangwani ya yi ƙugu, ya karkace, in an tsayar da shi sai ya jingina hagu. Daga bakin murfin kuma wani ɗigo baƙi-baƙi ya fara tsattsafowa.

Warin ɗigon nan ba ya faɗuwa. Merle ya toshe wurin da jan farcen Lorna, ya feshe gwangwani da turaren da Tessa ta aiko masa, sai wari biyu suka haɗu suka haifi na uku. Opal ta tsallako titi, hanci a cikin gyale.

"Maƙwabci, wani abu ya mutu a garejinka?"

"Ƙamshin daɗewa ne. Manyan gidajen tarihi duk haka suke."

"To Allah ya raba ni da ilimi."

Ranar baje koli Merle ya sa kwat da ɗan maƙogwaro ja, ƙyallen adon nan da ake ɗaurawa a wuyan riga. Ya zaunar da gwangwani a kujerar gaba, ya ɗaura masa bel, ya tura Lorna baya. Ya hana a kunna abin ɗumama mota kada zafi ya taɓa kayan tarihi, wari kuma ya hana a rufe tagogi. Haka suka ratsa gari, iska mai yankan kunne tana kaɗa su, yana tafiya kamar mai bin gawa, motoci sun yi layi a bayansa suna ta oda. Lorna ta duƙunƙune a baya cikin rigar sanyinta. Haƙoranta ne kawai ke magana.

Zauren ya cika. Ga masu gini da manyan gidajensu da jiragensu, ga masu tarkace da kofuna da maɓallai, ga Opal a kusurwa tana sayar da kofi da donat don asusun coci. Gus yana zaune a gaban fankonsa, shuɗin ƙyallen bara a ƙirji. Madam Bernadette, shugabar ƙungiya kuma alƙaliyar gasa, ta nuna wa Merle tebur kusa da ƙofar baya inda iska ke shigowa.

"Ni a bakin ƙofa? Madam, kin san abin da na kawo kuwa?"

"Na ji shi tun kana matakala."

Ya ƙi teburin. Ya zaɓi na tsakiya, wanda ke jingine da bututun ɗumama zauren, domin nan ne kowa zai wuce. Mutumin da ya daskarar da matarsa a mota saboda tsoron zafi, yanzu ya ga wurin da za a gan shi, ya manta da zafi sam. Ya shimfiɗa jan ƙyalle, ya tokare gwangwani da ɗan matashi don kada ya kife, ya kafa masa fitilu biyu masu haske, ɗaya dama ɗaya hagu. Ba a jima ba gwangwani ya fara ɗan ƙara, tik, tik, tik.

Gus ya taso ya zo kusa, ya rage murya. "Merle, ba wasa nake ba. Kashe fitilun nan, ka fitar da shi waje. Ina da ƙusa a mota, yanzu mu huda shi."

Wannan ita ce magana mafi gaskiya da aka faɗa wa Merle a shekarar, don haka ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Jama'a, ku zo ku ga tsoro! Zakaran bara yana roƙo a sassauta masa!"

Jama'a kuwa suka taru, wasu don tarihi, wasu don su gano inda warin ke fitowa. Madam Bernadette ta iso, ta gyara tabarau, ta leƙa.

"Me ya sami fuskar ɗan maginin?"

"Bugu na musamman ne. Kaɗan aka yi."

"Da gashin baki?"

"Na makarantun arewa ne. Can sanyi ya fi yawa."

Wani daga baya ya ce, "Me ya sa yake jingine?" Opal ta amsa daga kusurwarta cewa ya gaji da jin maganar mai shi ne. Aka kwashe da dariya. Merle ya sha toka, ya zaro sandar nuni daga aljihun kwat, ya ja ta ta miƙe, ya hau jawabi. Ya ce yau Pine Ferry ta shiga taswirar duniya. Ya ce akwai masu tara fanko, akwai masu tara gaskiya. Ya ce matsorata su ke huda gwangwani, shi kuwa tun da yake bai taɓa tsoron miya ba.

"Wannan da kuke gani," in ji shi, "ba a taɓa buɗe shi ba, kuma muddin ina numfashi ba za a taɓa buɗe shi ba!"

Ya ɗaga sanda ya ƙwanƙwasa murfin don ƙarfafa magana.

Fam!

Mutanen da ke saman coci suna gwajin waƙa sun ce sun ɗauka tukunyar ɗumama ginin ce ta fashe. Murfi ya tashi ya daki rufi. Miyar da ta girmi rabin mutanen zauren ta fito baƙa ƙirin, tana kumfa, ta yi wa teburan kusa feshi, ta sauka a kan wata farar fadar bulo da wani bawan Allah ya shekara yana ginawa. Tabaran Madam Bernadette suka rufe ruf. Amma kaso mafi tsoka na mai kayan ne, domin shi ke tsaye a gaba, baki buɗe, bai gama jawabi ba.

Sai wari ya biyo baya. Masu gini suka rungumi gidajensu suka yi matakala, bulo yana zuba a bayansu, masu takawa suna ihu. Opal ta kifa tire a kan donat ɗinta tana salati irin nasu na coci. Masu tarkace kuwa, da yake su ba sa jin magana, suka toshe hanci suka durƙusa suna tsintar makaronin da bai narke ba suna sawa a 'yan ledoji. Wani dattijo ya matso ya ce, "Yi haƙuri, kada ka motsa," ya cire guda daga kunnen Merle.

Merle ya tofar, ya sake tofarwa, ya share ido. A kan jan ƙyallen babu abin da ya rage sai yagaggen ƙarfe da rabin gashin baki.

"Madam," ya ce da wata 'yar murya, "ai dai kin gan shi kafin ya... ai an shaida cikakke ne."

Madam Bernadette ta cire tabarau ta goge da gefen rigarta. "Na gan shi, na ji shi, na kuma ɗanɗana shi. Gasa ta abin da ke kan tebur ce, Merle. Da safiyar yau gwangwanin miyar Stako biyu ne a duniya. Yanzu saura ɗaya."

Ta taka ta maƙala wa Gus sabon ƙyalle a ƙarƙashin na bara. Gus ya zo ya miƙa wa Merle hannu, ya ga halin da hannun yake ciki, ya fasa. Ya ce, "Na gode, ƙanina. Da kaina ba zan iya ɗaga darajarsa haka ba."

Merle ya buɗe baki zai ce a sake zama, zai ce fitilun cocin ne ba su da inganci, zai ce da ma shi nunin kimiyya ya shirya. Sai ya hangi Lorna. Tana tsaye can nesa inda feshi bai kai ba, rigarta tsaf, ta riga ta ciro waya ta danna, ta kuma buɗe muryar yadda duk zauren zai ji.

"Tessa? Mama ce. Ku shirya yara ku taho ƙarshen mako. A gida za ku kwana."

"A gida? Mama, da gaske? Baba ya yarda?"

Lorna ta dubi mijinta, miya tana ɗiga daga haɓarsa. "Babanki da kansa ya shirya komai. Bai bar wa kowa aikin ba."

Ihun Tessa da na yaran ya cika zauren. Opal ce ta fara tafi, Gus ya karɓa, sai ga duk wanda ya rage a wurin yana tafi, har masu ledoji. Merle ya tsaya tsuru-tsuru. Ɗaki ya tafi, ƙyalle ya tafi, kuma rabon da ya ji muryar 'yarsa da irin wannan farin ciki har ya manta, abin da ya fi miyar ɗaci a bakinsa ke nan. Amma tafi tafi ne, kuma kowa shi yake kallo. Ya gyara ɗan maƙogwaronsa, ya dafa ƙirji, ya rusuna.